Jingina a Kan Gorar Zoɓo

Duk wanda ya ce maka gorar roba shara ce a Damagaram, tambaye shi yaushe ya sauka daga mota. Baƙo ne. In ba baƙo ba ne, to ɗan gari ne da ya je Yamai ya shekara shida ya dawo da tabarau, wanda ya fi baƙon muni. A garin nan gora ba ta wuni a ƙasa. Kafin wanda ya shanye ruwan ya goge baki wani ya sunkuya ya ɗauke ta. Mai man gyaɗa na so, mai nono na so, manomin Gaffati na so ya cika ta da ruwa ya rataya a amalanke. Gwangwani ma haka, masu zubin tukwane ke narkar da shi, jibi ka gan shi ya zama ludayi a Kasuwar Dole. Abin da ya cika gari, ya ɗare kan ƙaya, ya toshe magudana, ya cika tumbin awaki, leda ce. Wannan kam ko akuyar ta sani.

Ya Fanta, Babarbariyar nan ta unguwar Birni, shekara ashirin da biyu tana sayar da zoɓo a ƙofar gidanta, tun rasuwar maigidanta. Ruwan zoɓonta a randar da aka turara da kajiji yake kwana, ta sa citta da kanumfari, ta ɗura a goruna, ta jera su kan ƙanƙara cikin gilasiye, akwatin nan mai riƙe sanyi. Da shi ta aurar da 'ya'ya uku, da shi take ɗora tukunya. Jarinta kaf gorunan nan ne, sun kai ɗari biyu, kowace da tsaga uku a murfi da ta yi da wuƙa mai zafi, har mutane na tsokanarta wai gorunanta ma Barebari ne.

Kuma ba ta taɓa sayar da gora ba, abin ciki take sayarwa. Ka saya, ka tafi da ita shago ko biro, wato ofis, ko gida, ka sha, gobe ka dawo da ita. Ba rubutu, ba jingina, ba ɗan gidan wane ne kai. Ai kamar kwanon tuwon maƙwabta ne, wa ya taɓa jin an aiko maka da abinci ka riƙe kwano? Wanda ya manta ya kwana biyu, da ƙafarsa zai zo yana sosa ƙeya, wani ma ya haɗo da goro. Kunya ce ke dawo da gorunan Ya Fanta. Da wannan take taƙama fiye da ɗanɗanon zoɓon, cewa ba ta taɓa kallon mutum ta nuna masa ba ta yarda da shi ba, kuma ba ta taɓa kwana da yunwa saboda hakan ba.

Ana nan sai ga Mai Nasara, ɗan ƙanenta, ya dawo daga Yamai da farar mota da poroje, irin aikin nan na masu ba da tallafi. Sunan porojen wai Gari Tsaf. An kai shi wata ƙasar Turawa ya yi kwana tara, ya ga wani mashin da ake cusa wa kwalba ya tofo kuɗi, shi ke nan hankalinsa ya tashi. Can ƙasar, in ka sayi lemo ana ɗora maka wani abu a kan kuɗin, ka dawo da kwalba a mayar maka, abin da suke kira konsinyi. Nan kuwa masu butik, wato masu kantuna, suka ce ba su ƙara ko sisi a kan kayansu don wani ya ji daɗi. To sai poroje ya ce ba komai, shi zai biya daga aljihunsa: dala biyar kan kowace gora, dala biyar kan kowane gwangwani. Aka yi atelye, taron bita, na kwana uku a otal, aka ci kaji, aka raba huluna. Ko mutum ɗaya mai ɗura wani abu a gora ba a gayyata ba.

Ranar da ya zo gaishe ta, a kan tabarmar zaure ya zauna yana kaffa-kaffa da wandonsa. Ta ba shi zoɓo mai sanyi, ya kwankwaɗi rabi, sannan ya shiga zuba mata bayani.

Ta ce, "To in kun tara su, wa za ku ba?"

"Ba wanda za mu ba, Gwaggo. Mashin zai niƙe su, a loda a kamyo, babbar mota, a kai waje."

"A niƙe? Gora mai lafiya, da murfinta?"

"Shara ce, Gwaggo."

"Wadda ke bakinka yanzu shekararta uku a gidan nan. Ta fi ka daɗewa a Damagaram." Ta nuna masa ƙofa da haɓa, inda ledoji suka yi wa bishiyar bedi ado tun daga ƙasa har sama. "Waɗancan fa? Nawa za ku biya?"

Mai Nasara ya gyara tabarau. Ya ce leda tana cikin kashi na biyu na aikin. Wanda ya san poroje ya san kashi na biyu, ɗan uwan gobe ne, kullum yana hanya. Da zai tafi ya ajiye mata kuɗi jaka biyu na gaisuwa, ya shiga mota da ragowar zoɓon a hannu. Gorar ba ta dawo ba, ita ce ta fara ɓata.

Aka kafa wani kwantena mai koren fenti kusa da kasuwa, aka sa sikeli da mashin da janareto. Kai, ranar buɗewa ka ga mutane! Cikin mako guda 'yar gorar da ke yawo a gari ta ƙare, tunda dama ba ta da yawa. To amma dala biyar ba ta ƙare ba. Sai mutane suka juya cikin ɗakunansu. Aka juye man gyaɗa a kwano aka kai gora. Aka juye kananzir a tasa aka kai gora. Daga Tirmini da Guna amalanke ke shigowa da buhuna shaƙe, gorunan da suka shekara suna kai wa manoma ruwa gona. Masu zubin tukwane suka zauna suna kallon murhu, gwangwani ya fi ƙarfinsu.

Ya Fanta ta ce wannan haukan ba zai shigo Birni ba, nan an san juna. Ashe ta manta kuɗi masu gidan rana ne. Da fari ɗaya-ɗaya ne. Wannan ya ce yara ne suka ɗauke, wancan ya ce ta faɗi daga kan kabu-kabu. Ta ce ba komai, Allah ya tsare gaba. Sai uzurin ya fara yawa, har wani ma'aikacin biro mai furfura ya dubi idonta ya ce akuya ce ta cinye. Akuya! Har da murfin.

Abin da ya fi ci mata rai, kunyar ba ta mutu ba, juyawa ta yi ta zama abokiyar gaba. Wanda ya kai gorarta kwantena ba ya iya sake haɗa ido da ita. Sai ya canza hanya, ya bi ta bayan masallaci, ya je wurin Wasila, wata matashiyar maƙwabciya da ke ƙulla zoɓo a leda. Kowace gora da ta tafi, da mai sayen zoɓon take tafiya. Shi kuwa zoɓon leda, a ciji gefe, a tsotse, a yar a inda ake tsaye. Mai mai ta koma leda, mai nono ta koma leda, mai kunun aya ta koma leda. Lungun da Ya Fanta ke sharewa sau ɗaya da safe ya koma sai ta share sau uku, kafin ta jingine tsintsiya iska ta kawo wasu.

Mutum ɗaya ne bai taɓa fashi ba, Malam Alkasum tela, wanda shagonsa ke kallon ƙofarta. Tun ranar da ta fara sana'ar shi ya fara saye, lokacin tana cikin baƙin cikin rashin miji, ba ta ma iya kiran ciniki. Kullum da hantsi zai tsallako da gorar jiya a aljihun riga, ya ce, "Wushe, Ya Fanta," kalmar Barbarci ɗaya tak da ya iya ke nan a duniya, ya karɓi ta yau wadda take ɓoye masa a can ƙasan ƙanƙara. Shi kam ko dala ɗari aka sa wa gora, ta san tasa za ta dawo.

Da goruna suka koma ƙasa da rabi ta yafa mayafi ta tafi kasuwa sayen wasu. Ina! Masu sayar da tsofaffin goruna sun naɗe tabarma, ɗan abin da ya rage kuwa an tsuga masa kuɗin da in ta saya sai dai ta yi wa mutane zoɓon sadaka. Daga nan zuciya ta ɗebe ta ta wuce kwantena.

Tun daga nesa ta hango su. Ga su nan cikin wata ƙatuwar raga, an cusa su tare da gorunan man inji da na maganin ƙwari, murafai masu tsaga uku suna leƙowa ta ramuka. Wata ma da sauran jan zoɓo a gindinta. Ya Fanta ta ji kamar ta tarar da 'ya'yanta a kurkuku. Ta ce wa mai sikeli a fito mata da nata, za ta biya dala biyar ɗin da suka bayar, har da ƙari. Ya ce ba shi da iko, sai shugaba. Shugaba, wato Mai Nasara, ya fito daga cikin sanyin mota yana murmushi.

"Gwaggo, da kanki? Ai da kin aiko."

"Ka ba ni gorunana."

"Ba ya yiwuwa, Gwaggo. An riga an auna su, an ɗauki hoto, an aika wa masu ba da kuɗi. Abin da ya hau sikeli ba ya sauka."

"Don Allah dubi ƙafarka, Mai Nasara."

Ya duba. Leda uku ne suka naɗe masa a takalmi, ya karkaɗe su ba tare da ya ji komai ba. Ya ce jiya ma an faɗa a rediyo, babu sauran gora ko ɗaya a titunan Damagaram. Wannan kam gaskiya ne, ba wanda zai ƙaryata shi. Suna cikin magana aka tayar da janareto, wani ya ɗaga ragar ya zazzage a bakin mashin. Ƙaras, ƙaras, ƙaras. Ya Fanta ta kau da kai, idonta ya kawo ruwa, ta ƙi bari ya zubo a gaban ɗan da ta yi wa wanka da hannunta yana jariri.

Shi kuwa tausayi ya kama shi irin na masu ilimi, wanda ba ya zuwa sai da shawara. Ya ce, "Maganin abin nan a hannunki yake. Ki sa konsinyi. Mu muna ba da dala biyar, ke ki karɓi dala goma a hannun duk wanda zai tafi da gora. Ya dawo da ita ki mayar masa. Wallahi ko ɗaya ba za ta sake ɓata ba."

"Jingina kake nufi. Ka faɗe ta da Hausa mana."

"To, jingina."

"In dubi mutumin da ya yi wa mijina sallah, in ce ban yarda da kai a kan roba ba?"

"In kiɗa ya canza, Gwaggo, rawa ma canzawa take. Amma fa kowa da kowa, ba sani ba sabo. Kika ware mutum ɗaya, sauran za su ce su kika mayar ɓarayi."

Ta ja tsaki mai tsawo har mai sikeli ya waiwayo. Ta ce Allah ya kiyashe ta da ranar, ta juya ta kama hanyar gida a ƙasa, ta ƙi motar da ya ce za ta kai ta.

Tsaki dai ba ya cika gora. Bazara ta kankama, rana na dukan duwatsun Birni har sai sun yi huci, lokacin da a da kafin azahar gilasiye ta zama wayam. Yanzu ga masu ƙishirwa, ga zoɓo a tukunya, babu abin ɗurawa. Goruna suka koma talatin da 'yan kai. Sau biyu rabin tukunya na yin tsami ta zubar a kwata. Ta rage cefane, ta daina sayen nama, ta fara auna gero da ido irin na wanda ke tsoron gobe. Wasila ta shigo da ƙunshin leda, cikin ladabi, ta ce, "Ya, ki gwada mana, ba wuya." Ya Fanta ta ce ta gode, amma ita ba ta turara randa don a tsotsi zoɓonta kamar jini a yar a bakin ƙofarta ba. Wasila ta kwashe ledarta ta fita, ba ta ji haushi ba, don cinikinta ya isa ya hana ta jin haushin kowa.

Ranar wata Laraba ta wayi gari da goruna ashirin da shida, bayan jiya ta fitar da talatin da ɗaya. Ta zauna a gabansu ta daɗe. Ta tsine wa poroje, ta tsine wa mashin, ta tsine wa ƙasar da ta ba Mai Nasara biza. Da ta gama tsinuwar goruna suna nan ashirin da shida. Ta wanke su, ta ɗura, ta fito da gilasiye ƙofar gida.

'Yan kabu-kabu uku ne suka fara tsayawa. Ta faɗa masu sabuwar doka tana kallon ƙasa, muryarta kamar ba tata ba: daga yau mai tafiya da gora zai ajiye dala goma. Suka yi gunaguni. Ɗaya daga cikinsu, Zakariya'u, mai bakin tsiya, ya ce, "Yau kuma mu ne ɓarayin, Ya?" Amma ƙishirwa ta fi zuciya, suka biya, suka tsaya a inuwar bedi suna sha kafin su wuce da ragowar.

Sai ga Malam Alkasum ya tsallako titi, tef ɗin awo a wuya, zare a gefen hula.

"Wushe, Ya Fanta."

"Lale, Malam. An tashi lafiya?"

Ya zaro gorar jiya daga aljihu ya ajiye mata a kan murfin gilasiye. Wankakkiya ce tas, har ya goge ta da ƙyalle, yadda ya saba. Ta tura hannu can ƙasa ta ciro tasa mai raɓa, ta miƙa masa, ya ba ta kuɗin zoɓo. Ya juya zai tafi. Da ta yi shiru da shi ke nan. Wallahi ta yi niyyar yin shiru.

"A'a, Ya," in ji Zakariya'u daga inuwa. "Shi Malam ba ya jingina? Ko mu kaɗai ne marasa gaskiya a unguwar?"

Sauran biyun suka daina sha. Wata mata da ta zo da kuɗinta a hannu ta tsaya tana kallo. Ya Fanta ta san in ta ce shi daban ne, kafin azahar zance ya gama Birni cewa ta raba mutane gida biyu, masu amana da ɓarayi, kuma kowa zai san gidan da aka sa shi. Ta san kuma abin da ya rage mata a gilasiye. 

"Malam," ta ce. "An... an sa doka. Mai tafiya da gora yana ajiye dala goma. In ya dawo da ita a mayar masa."

Malam Alkasum ya juyo a hankali. Ya dubi gorar da ya kawo, tana nan a kan murfi tana ƙyalli. Ya dubi Ya Fanta.

"Har ni?"

"Kowa da kowa ne, Malam."

Bai yi faɗa ba, da ya yi faɗa da ta ji sauƙi. Ya sa hannu a aljihu ya daɗe yana lalube, ya fito da kuɗin ya ajiye a tafin hannunta. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba, dattijon da ko ruwa ba ya sha a tsaye. Ya buɗe murfi a nan bakin titi, a gaban yara da manya, ya kafa kai ya shanye zoɓon tas, sanyi na sa shi runtse ido. Ya rufe gorar, ya miƙa mata da jan zoɓo a gindinta, ya buɗe hannu.

"Ga kayanki. A ba ni jinginata."

Ta mayar masa. Ya jefa a aljihu.

"To, Ya Fanta, kin ga ban gudu da ita ba. Shekara ashirin da biyu ashe a tsorace kike da ni. Allah ya ba da kasuwa."

"Malam, tsaya ka ji..."

Ya riga ya tsallaka. Ya shiga shago, ya zauna, keken ɗinki ya fara ƙara. Zakariya'u ya yi 'yar dariyar da ba ta samu abokin tayawa ba, ya tada babur ya tafi. Ya Fanta ta zauna a kan kujerarta riƙe da gorar. Ita da ta ƙi yin kuka a gaban mashin, ga ta tana share ido da bakin mayafi a gaban mai sayen zoɓo.

Dabarar Mai Nasara kuwa ta ci, a ba shi abinsa. Daga ranar ko gora ɗaya ba ta sake ɓata ba. Ana dawo da su da ƙura da maiƙo, a jefa a kwando, a miƙo hannu, ba gaisuwa ba tambayar jikoki. Wa zai gaishe ka a kan abin da ya biya? Tukunya ta koma kan wuta, har nama ya dawo miya.

Washegari da hantsi ta sa ta Malam Alkasum a can ƙasan ƙanƙara. Ta ga ya buɗe shago, ta ga ya share ƙofa, ta ga ya zauna ya ba titi gefe. Aka yi azahar bai tsallako ba. Jibi ma ta ajiye, gata ma haka. A rana ta huɗu, da la'asar, ƙanƙara ta narke, wani baƙo mai jaka a kafaɗa ya tsaya ya tambaya ko da sauran mai sanyi. Ta dubi shagon tela ta daɗe. Sannan ta tura hannu ƙasa ta ciro gorar, ta miƙa wa baƙon, ta ce masa zai ajiye dala goma.